Ido Ba Mudu Ba: Shin Haske Shi Ne Daraja?

Gabatarwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Karin magana ce da ta daɗe tana raba gardama a kasuwa, domin wanda ya saba da hatsi yakan dubi tsibi ya faɗi yawansa, a auna a tarar bai kauce da nisa ba. To amma akwai kasuwar da ido ke shiga ya fito da asara, wato kasuwar darajar mutane. Kullum muna yanke hukunci a kan wane ne babba, wane ne ƙarami, wa ya cancanci a bi shi, kuma galibin wannan hukunci da ido muke yinsa: wanda ya fi fitowa fili, wanda sunansa ya fi yawo a bakin jama'a, shi muke ɗauka ya fi. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce, shin hasken da muke gani a jikin mutum shi ne gwargwadon darajarsa? In kuwa ba shi ba ne, da me za mu auna, kuma wane haƙƙi ya rage wa ido? Babu fagen gwajin da ya fi sararin samaniya dacewa da wannan tambaya, domin a can ne ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana jera abubuwa bisa haskensu, daga baya ya sami hanyar auna haƙiƙaninsu, ya kwatanta jerin biyu.

Jerin Da Ido Ya Yi

Wanda ya fita bayan gari a daren da babu wata, babu hazo, zai iya ganin taurari wajen 2,000 ko fiye kaɗan. Tun a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, masanin nan na Iskandariyya, Baɗlamusa, ya kasa taurarin da ya lissafa zuwa matakai shida: mafiya haske a mataki na ɗaya, waɗanda ido ke gani da ƙyar a na shida. A shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi, masanin falaki na ƙasar Farisa, ya sake duba su ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na siffofin taurari, ya gyara matakan da yawa. A 1856 wani Baturen Ingila, Norman Pogson, ya ɗaure tsarin da lissafi, aka tsaya a kan cewa tauraron mataki na ɗaya ya fi na mataki na shida haske sau 100.

A kan gaba a wannan jeri akwai Shi'ira, wadda Turawa ke kira Sirius, a cikin rukunin Babban Kare. Da hunturu, bayan sallar lisha, mai neman ta sai ya dubi taurarin nan uku da ke jere a tsakiyar rukunin Jauza'u, wanda Girkawa suka siffanta da mafarauci, ya bi layinsu zuwa kudu maso gabas, zai ci karo da ita tana ƙyalli fari fat. Mutanen Masar na dā sun ɗauki fitowarta kafin hudowar rana alamar ƙaratowar ambaliyar Kogin Nilu. Wasu Larabawan jahiliyya sun bauta mata, kuma an ambace ta da sunanta a cikin Suratun Najmi. Na biyu shi ne Suhailu, wanda ke can ƙasa da ita ta wajen kudu. Daga nan sai Alfa Sentauri, sai Simakur Ramihi, sai Nasrul Waƙi'i, sai Ayyuƙu, sai Rijlu, wato ƙafar Jauza'u, a matsayi na bakwai, sai Gumaisa'u ta takwas.

Mutanen dā ba su tsaya ga jerawa ba, sun nemi dalilin fifikon. Larabawa sun ce Shi'ira da Gumaisa'u 'yan'uwan Suhailu ne. Da ya yi kudu sai Shi'ira ta ƙetare farar hanyar nan ta sama ta bi shi, ita kuwa Gumaisa'u ta kasa, ta zauna tana kuka har idonta ya dushe. Tatsuniya ce mai daɗin ji, amma ta ginu a kan zaton da ya riƙe ɗan Adam tsawon zamani, cewa taurari duk a liƙe suke a rufi ɗaya, saboda haka wanda ya fi haske shi ya fi girma.

Abin Da Awo Ya Bayyana

Wannan zato ya fara rushewa sosai a 1838, lokacin da Friedrich Bessel na Jamus ya auna nisan wani tauraro a karo na farko. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. In mai karatu ya miƙe yatsansa ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya sake da ɗayan, zai ga yatsan ya yi kamar ya gusa, kuma gusawar takan ragu gwargwadon nisan abin da ake dubawa. Haka masana ke duban tauraro yau, su sake dubansa bayan wata shida, sa'ad da duniya ta koma ɗaya gefen rana, su fitar da nisansa daga ɗan gusawar da ya yi. Da yake kilomita ta yi kaɗan ga irin wannan tazara, sai aka koma awo da tafiyar haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ya iso mana daga rana cikin minti takwas da ɗoriya.

Da aka auna, sai jeri ya hargitse. Hasken Shi'ira shekara 8.6 kacal yake yi a hanya, wato maƙwabciya ce, kuma hasken da take fitarwa ya ninka na rana kamar sau 25. Suhailu yana nisan tafiyar haske ta wajen shekara 310, yana kuma fitar da abin da ya haura ninkin rana sau 10,000. A ido Shi'ira ta ninka Suhailu haske kusan sau biyu. A awo Suhailu ya ninka ta kusan sau 400. Rijlu, da ido ya ajiye a na bakwai, yana nisan wajen shekara 860, kuma ya fi Suhailu ma nesa ba kusa ba. Ashe sarautar Shi'ira, rabinta nata ne, rabi na kusanci.

Akwai kuma wadda ta fi Shi'ira ɗaukar ido, wato Zara matar wata, wadda in ta fito da asuba ake kira Gamzaki. Babu tauraron da ya kama ƙafarta a ƙyalli, alhali ita duniya ce, ta biyu a jerin masu kewaya rana, ba ta da ko ƙyastu na wuta tata. Gajimaren da ya lulluɓe ta ne ke maido da hasken rana. A 1610 Galileo ya dube ta da madubin hangen nesa ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, asiri ya tonu. A ɗaya gefen kuma, tauraron da ya fi kowane kusa da rana, Furoksima Sentauri, mai nisan shekara 4.2, ido ba ya ganinsa sam, sai a 1915 Robert Innes ya gano shi daga Johannasbag. Irinsa, wato ƙananan jajayen taurari, su ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke cikin gungunmu, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya ganuwa ga ido tsirara.

Wannan ya nuna abin da ido ke kira haske gamin gambiza ne na abubuwa uku: wutar da abu yake da ita, da kusancinsa da mai kallo, da abin da ya ara daga wani. Haka ma shuhura take a cikin jama'a. Wani ya yi suna don aikinsa, wani don yana kusa da fada ko da gidan rediyo ko da babban birni, wani kuwa albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ido ba ya iya tantance su, duk ƙyalli ɗaya yake gani.

Nauyin Da Ba A Gani

Ita kanta Shi'ira tana da wani sirri. A 1844 Bessel ya lura cewa tafiyarta a sama ba miƙaƙƙiya ba ce, tana ɗan karkacewa, sai ya ce lalle akwai wani abu mai nauyi da ke janta. A 1862 Alvan Clark na Amurka ya hango abin: wata 'yar ƙaramar tauraruwa, girmanta bai wuce na duniyarmu ba, amma nauyinta ya kai na rana, suna kewaya juna cikin shekara 50. Shekara 18 aka yi da sanin tana nan kafin a gan ta, kuma shaidar da ta tabbatar da ita ita ce tasirinta a kan tafiyar wadda ake gani.

Tarihin ilmin taurari kansa yana da irin wannan a cikin mutane. Henrietta Leavitt ma'aikaciya ce a ɗakin binciken taurari na Jami'ar Harvard, cikin matan da aka ɗauka a kan ɗan albashi don su riƙa auna hotunan sama. A 1912 aka buga bincikenta da ya nuna cewa wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske, tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su kammala zagaye shi ke nuna haƙiƙanin wutarsu. Da wannan mudu ne Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa akwai wasu gungun taurari a wajen namu. Leavitt ta rasu a 1921. Sunan Hubble aka sa wa babban madubin hangen nesa da aka harba sama a 1990, ita kuwa wadda ta koya wa duniya raba hasken gaskiya da hasken gani, kaɗan ne suka san sunanta. Kowane ɗalibi da ya taka matakin jami'a, in ya waiwaya, zai tarar da irin wannan nauyi a bayan tafiyarsa: uwar da ta sayar da akuyarta, ko malamin firamare da har yau yake ƙauyen da aka bar shi.

Mudun Adalci

Da masana suka gane ruɗin kusanci sai suka ƙirƙiro wani ma'auni. Suka ce a ƙaddara an kwaso dukkan taurari an jera su a nisa ɗaya, wato tafiyar haske ta shekara 32.6, sannan a tambayi yadda kowane zai haskaka. A wannan sahu Shi'ira takan koma tauraruwa mai matsakaicin ƙyalli, Suhailu da Rijlu su fi Zara haske, ranarmu kuwa ta zama ɗan ɗigon da mazaunin birni mai fitilu ba zai ma gani ba.

Wannan shi ne ainihin abin da adalci ke nema kafin a yanke wa mutum daraja: a cire tazarar da sa'a ta sanya, a tsayar da kowa a sahu ɗaya. Ɗalibin da ya fito da sakamako matsakaici alhali da aci-bal-bal ya yi karatu, yana noma da damina don ya biya kuɗin makaranta, da wanda ya fito da sakamako mai kyau daga gidan da littattafai suka cika shi, takarda ta riga ta jera su, amma takarda ido ce. Tambayar mudu ita ce, me kowannensu ya fitar daga abin da aka ba shi? Ba a nufin a rage wa na biyu abin da ya samu da guminsa. Ana nufin kada a ɗauki jerin takarda a matsayin jerin mutuntaka.

Hujjar Ido

Sai dai mai musu yana da magana, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Zai ce: na ji Rijlu ya ninka rana sau dubbai, to zangarniyar gero nawa ya taɓa nunarwa? Rana, duk da ƙanƙantarta a sahun masana, ita ke busar da shanya, ita ke tayar da girgije, da ita muke rayuwa. Girman da bai iso gare ni ba, ina amfaninsa gare ni? Hasali ma, Suhailu da ake ta yabo, mutumin Landan ba ya ganinsa ko sau ɗaya a shekara, domin ba ya hudo masa. Saboda haka, in ji shi, ido bai yi ƙarya ba, ya faɗi gwargwadon abin da ya iso ne, kuma abin da ya iso shi ne abin lissafi.

Gaskiya ne ido bai yi ƙarya ba. Ya amsa tambaya ɗaya ce, mu muka ɗauki amsar muka kai ta ga wata tambayar. Akwai tambayar me wannan ya yi mini, akwai kuma tambayar mene ne shi a kan kansa. Ta farko ita ke haifar da godiya, kuma a nan kusanci haƙƙi ne: mahaifinka da ya ciyar da kai ya fi cancantar biyayyarka a kan duk wani shahararren da bai san da zamanka ba. Ta biyu ita ke haifar da hukunci, a nan kuwa kusanci son zuciya ne. Ɓarna takan zo in aka cakuɗa su, kuma ta fuska biyu take zuwa. Akwai wanda ilmi ya buɗe masa ido ya ga manyan duniya, sai ya dawo gida yana raina malamin da ya koya masa baƙi. Wannan ya auna godiya da mudun hukunci. Akwai kuma wanda, saboda ranarsa ce ke ɗumama shi, ya rantse babu wata wuta a sama sai ita, garinsu ya fi kowane gari, mutanensu sun fi kowa. Wannan ya auna hukunci da mudun godiya, kuma daga nan ƙabilanci ke tsirowa.

Ko hasken aro ma ba laifi ba ne a kan kansa. Wata ba shi da wuta, amma da shi ake tafiyar dare, da shi ake wasa a dandali. Duk almajiri da hasken malaminsa yake farawa. Aibin yana wurin wanda ya ari haske ya yi musun aron, ya manta zanen aro ba ya rufe katara, har ya ɗauka jama'ar da ke cika ƙofarsa dominsa suke zuwa, alhali domin kujerar da yake kai ne.

Layukan Da Muka Ja

Rukunan taurari suna ɗauke da wani darasin. Baɗlamusa ya lissafa 48, a 1922 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da su 88. Amma galibinsu zane ne da mai kallo ya yi daga inda yake tsaye. A cikin Jauza'u, tauraron kafaɗa ɗaya yana nisan wajen shekara 250, Rijlu wajen 860, na tsakiyar ukun nan kuwa ya haura 1,000. Wanda zai dube su daga wani gefen sama ba zai ga mafarauci ba. Ba duka ne haka ba: Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, dangi ne na haƙiƙa, taurari fiye da 1,000 da aka haifa tare, suke tafiya tare a nisan wajen shekara 440, ko da yake ido shida ko bakwai yake ƙirgawa. Abin lura shi ne ido ba ya iya bambance rukunin da yake dangi da wanda kusurwar kallo ce ta haɗa shi.

Haka muke yi wa mutane. Mukan hango jama'a daga nesa mu ja layi mu haɗa su, mu ce su wane ai duk halinsu ɗaya, alhali tazarar da ke tsakanin biyu daga cikinsu ta fi wadda ke tsakaninmu da ɗayansu. Wanda ke zaune a jami'a, inda ɗaki ɗaya kan haɗa harsuna uku ko huɗu, ya san yadda shi ma ake saka shi cikin zanen da bai san lokacin da aka yi shi ba. Rukuni yana da amfani a matsayin taswira, da shi ake gane inda za a duba. Haɗarinsa shi ne a mance cewa hannunmu ne ya ja layin.

Wa Za A Bi?

Saura tambayar da ta fi shafar matashi: in haske ba shi ne daraja ba, wa zai sa a gaba? Matafiya sun daɗe da ba da amsa. Tauraruwar Arewa ba ta ma cikin taurari 40 mafiya haske. Darajarta ita ce tana kusa ƙwarai da inda sama ke juyawa a kai, don haka sauran taurari su fito su faɗi, ita tana nan inda take, kuma tsayinta daga ƙasa yakan gaya wa matafiyi inda yake: a Kano wajen digiri 12, a Legas kusan rabin haka. Madugan ayarin gishiri da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma sun san cewa tauraron da aka san mafitarsa da mafaɗarsa shi ke kai ayari rijiya.

Malaman hisabi ma haka suka yi. Masaukan wata 28 da ake lissafin shekara da su, kowane kwana 13 ban da Jabha mai 14, an zaɓe su ne don suna kan hanyar da wata ke bi. Haƙ'a, wadda ake buɗe lissafin taurarin damina da ita, 'yan taurari uku ne dusassu a kan Jauza'u, Nasara kuwa kamar ɗan hazo take, amma sun sami gurbi, Shi'ira da Suhailu ba su samu ba. Bugu da ƙari, manyan taurari irin su Rijlu wutar kara ce: suna cinye makamashinsu cikin 'yan miliyoyin shekaru su tarwatse, alhali rana ta yi shekara biliyan 4.6 tana ci, tana kuma da sauran kusan haka a gaba. Mai neman jagora sai ya tambayi tabbata kafin ƙyalli: shin inda na bar shi jiya nan zan same shi gobe, ko kuwa duk inda iska ta kaɗa nan yake?

Kammalawa

Amsar tambayarmu ita ce, haske shaida ne, amma shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Ido yana da haƙƙin ya gaya mana wa ya iso gare mu, domin mu gode masa. Ba shi da haƙƙin ya gaya mana wa ya fi wani, sai an cire kusanci, an cire aro, an kuma duba nauyin da ke ɓoye a bayan wanda ake gani. Wannan aiki ne mai wahala, ya ɗauki masana falaki ƙarni 17 daga Baɗlamusa zuwa Bessel, kuma a sha'anin mutane ba za mu taɓa kammala shi ba, domin zukata ba su aunuwa da madubi. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu sassauta hukunci a kan wanda ya dushe a idonmu, mu jinkirta mubaya'a ga wanda ya ɗauke mana ido. Shi kuma mai neman abin da zai zama, ya tuna cewa inda aka ajiye shi a sama ba zaɓinsa ba ne, ko kusa da masu kallo ko nesa da su, amma wutar da zai hura da tsayuwar da zai yi a kan hanya suna hannunsa. Hasken da ya baro Rijlu tun kafin a gina yawancin biranen da muke alfahari da su, sai a daren yau yake isowa, kuma tsawon tafiyar bai hana shi isowa ba.